Sarrafa Sigar Kaɗawar Haske da Asabarin Hologiram a Cikin Folimar Ruwan-Kiristal

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin haske ya san abubuwa uku ne muka fi nanata wa ɗalibai, watau ƙarfin haske da launinsa da inda ya dosa. Akwai siffa ta huɗu wadda akan taɓo sama-sama a ƙarshen manhaja in lokaci ya rage, ita ce sigar kaɗawarsa, wadda masana ke kira folarizeshan. Dalilin wannan sakaci a fili yake, domin idon ɗan Adam kusan ba ya rarrabe ta. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda wannan siffa ta zama linzamin da ake juya haske da shi, ta hanyar wani siririn fim na roba wanda kaurinsa bai cika wuce maikuromita 2 ba, alhali silin gashin mutum ya ninka shi kauri sau talatin ko fiye. Wannan fim yana iya karkata kusan dukkan hasken da ya faɗa masa zuwa gefe guda, kuma sigar kaɗawar hasken ce ke zaɓar gefen. Yadda haka ke yiwuwa shi ne abin da za mu fi tsayawa a kai.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi, tun da yake fannin bai riga ya zauna a Hausa ba. Za mu ɗauki haske a matsayin taguwa. Nisan da ke tsakanin ƙololuwar wata taguwa da ta bayanta shi ne tsawon zango, kamar dai yadda masu sauraron rediyo suka saba da gajeren zango da matsakaicin zango. In taguwoyi biyu suna hawa da sauka tare, sai mu ce takunsu ɗaya. In wata ta makara, mu ce an sami jinkirin taku. Cikakken taku guda shi ne digiri 360.

2.0 Sigar kaɗawa

Mu ɗauka an ɗaure igiya a jikin turke, mutum ya riƙe ɗaya bakin. In ya kaɗa hannunsa sama da ƙasa, taguwa za ta bi igiyar tana kaɗawa a tsaye. In ya kaɗa gefe da gefe, ta tafi a kwance. Wannan ita ce miƙaƙƙiyar kaɗawa, tana kuwa iya fuskantar kowace kusurwa. In kuma ya riƙa juya hannun kamar mai tuƙi da muciya, sai taguwar ta tafi tana murɗawa, ko dai ta dama ko ta hagu. Wannan ita ce murɗaɗɗiyar kaɗawa. A haske, ƙarfin lantarkin da ke cikin taguwar shi ne ke yin abin da igiyar ke yi.

Abu guda muke roƙon a riƙe daga nan. In aka haɗa murɗawar dama da ta hagu masu ƙarfi ɗaya, abin da ke fitowa shi ne miƙaƙƙiyar kaɗawa, kuma bambancin takun da ke tsakaninsu shi ke ƙayyade kusurwar da za ta fuskanta. Haka nan hasken rana ko na fitila, wanda kaɗawarsa a hargitse take, ana iya ɗaukarsa rabi dama rabi hagu.

Tun a 1808 Étienne-Louis Malus na Faransa ya gano cewa hasken da ya dawo daga fuskar gilashi yana da sigar kaɗawa ta musamman. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa ta samun irin wannan haske ita ce matacin roba da Edwin Land ya ƙirƙiro a Amurka, ya kuma kyautata shi a 1938. Matacin yana barin kaɗawar da ta dace da shi ta wuce, ya shanye wadda ta gitta. Ke nan in hasken fitila ya bi ta cikinsa, aƙalla rabi ya salwanta ya koma zafi. Wannan hasara tana nan a cikin kowane allon ruwan-kiristal mai fitila a bayansa, batir ne kuwa ke biyan diyyarta.

3.0 Asabarin haske da iyakarsa

Na'urar da ke da layuka ƙanana jere a tazara ɗaya, wadda haske ke rarrabuwa in ya ratsa ta, mun zaɓi mu kira ta asabarin haske, saboda kamanninta da asabarin da ake ratayawa a ƙofar ɗaki. Joseph von Fraunhofer na Jamus ya yi irinta da siraran wayoyi a 1821. Zirin haske guda in ya shiga, yakan fito rassa-rassa: reshen sifili ya miƙe, reshe na +1 ya karkata gefe, na −1 ya karkata ɗaya gefen, da sauransu. Dokar kusurwar reshe na farko ita ce sin θ = λ/Λ, inda λ yake tsawon zango, Λ kuma tazarar da zanen ke maimaita kansa. Alal misali, jan hasken leza mai nanomita 633 in ya ratsa asabari mai tazarar maikuromita 6, zai karkata da kimanin digiri 6.

Bayan Dennis Gabor ya shimfiɗa harsashin hologirafi a 1948, aka kuma sami leza a 1960, sai ya zamana ba dole ba ne a tsaga layukan da allurar lu'ulu'u ɗaya bayan ɗaya. A gama ziri biyu na leza a kan fim ɗin hoto. Inda takunsu ya zo ɗaya haske ya ƙaru, inda ya saɓa su kashe juna a sami duhu, fim ɗin kuma ya riƙe wannan zane. Asabarin hologiram ke nan.

Sai dai akwai iyaka. Zanen da ya fito ta wannan hanya hagunsa da damansa duk ɗaya ne, saboda haka ba shi da dalilin fifita wani gefe. Lissafi ya nuna cewa siririn asabari irin wannan, in yana aiki ta shanye haske, ba ya ba reshe na farko fiye da kashi 6.25 bisa 100. In kuma yana aiki ta jinkirta taku, ƙarshen abin da zai bayar shi ne kashi 33.9. Herwig Kogelnik ya nuna a 1969 cewa asabari mai kauri yana iya kaiwa kashi 100, amma da sharaɗin hasken ya shigo ta kusurwa ɗaya tak, da launi ɗaya. Da an ɗan kauce sai abin ya faɗi. An daɗe ana ɗaukar wannan ciniki a matsayin tilas: ko dai siriri mai hasara, ko mai kauri mai tsirfa.

4.0 Hologiram wanda fim ɗin hoto ba ya gani

To, yanzu mu canja abu guda cikin wancan tsari. Maimakon ziri biyun su zo da kaɗawa iri ɗaya, mu sa ɗaya ya murɗa dama, ɗaya ya murɗa hagu. Irin waɗannan ba sa kashe juna. In kusurwar da ke tsakaninsu ƙarama ce, hasken zai kwanta bai ɗaya, babu layin haske babu na duhu, fim ɗin hoto kuwa in aka wanke shi zai fito toka-toka ba zane. Amma mu tuna abin da muka ce a riƙe a sashe na 2.0. A kowane ɗigo gamayyarsu miƙaƙƙiyar kaɗawa ce, kuma tun da bambancin takunsu yana ƙaruwa a hankali daga wannan gefen fim zuwa wancan, kusurwar kaɗawar ma tana juyawa a hankali: a nan a kwance, can gaba kaɗan a jirkice, can a tsaye, har ta cika digiri 180 ta sake farawa. Akwai zane ke nan, amma na fuskanta ne, kuma yana da hannu, domin juyawarsa gefe guda take bi.

Shermazan Kakichashvili ne ya fara bayyana wannan irin hologirafi a 1972, a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyat. Ya dogara ne kan abin da Fritz Weigert ya gani tun a 1919, cewa wasu sinadarai sukan riƙe alamar kusurwar kaɗawar hasken da ya haska su. A 1984 Todor Todorov da Ludmila Nikolova da abokan aikinsu a Sofiya ta Bulgeriya suka nuna aikin a cikin roba da aka gauraya da wani rini na dangin azo, suka kuma fitar da lissafin rabon hasken da kowane reshe zai samu.

5.0 Kayan da ke riƙe zanen

Ruwan-kiristal wani hali ne tsakanin ruwa da daskararren abu. Friedrich Reinitzer ya ci karo da shi a birnin Firag a 1888, a wani sinadari da ya narke ya zama gurɓataccen ruwa a digiri 145.5 na zafi, sa'an nan ya yi garau a 178.5. Ƙwayoyin molakul ɗinsa dogaye ne kamar ashana, suna malala kamar ruwa, amma suna son fuskantar wuri guda da maƙwabtansu. Saboda haka haske yana da gudu biyu a cikinsa: kaɗawar da ta bi tsawon ƙwayoyin tana tafiya a hankali, wadda ta gitta su ta fi sauri. Bambancin ma'aunin gudun biyu shi ake rubutawa Δn, a yawancin irin waɗannan sinadarai kuwa yana tsakanin 0.1 da 0.2, wanda ya ninka na dutsen kwaz, mai 0.009, fiye da sau goma. Wannan ne ya sa siririn fim ke wadatarwa.

Ruwa dai ba ya riƙe zane sai an tsare shi tsakanin gilasai. Maganin wannan shi ne a ɗaure ƙwayoyin a jikin doguwar sarƙa, watau folima. A 1978 Heino Finkelmann da Helmut Ringsdorf a Mainz ta Jamus suka nuna cewa in an sa wata 'yar tsirkiya mai laushi tsakanin sarƙar da ƙwayar, ƙwayoyin za su ci gaba da jeruwa kamar ba a ɗaure suke ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce a rataya ƙwayoyin azobenzin a jikin sarƙar kanta. Wannan ƙwaya miƙaƙƙiya ce, amma in ta sha haske sai ta lanƙwashe, daga bisani ta sake miƙewa tana fuskantar inda ta ga dama. Tana shan haske ƙwarai in kaɗawar ta bi tsawonta, ba ta sha kuwa in ta gitta ta. Saboda haka kowace ƙwaya za ta yi ta lanƙwashewa tana miƙewa har ranar da ta dace ta faɗa a gicciye, daga nan haske ya daina damunta ta zauna. Maƙwabtanta marasa rini kuma su bi ta, abin ya ƙara ƙarfi. Manfred Eich da Joachim Wendorff da abokansu sun rubuta hologiram a irin wannan folima a 1987. Alfanunta shi ne ana iya share zanen da zafi a sake wani. Aibinta kuma, rinin yana da launi, yana shan shuɗin haske, sa'an nan a 1995 wasu ƙungiyoyi biyu na masana, ɗaya a Kanada ɗaya a Amurka, suka gano cewa hasken yana tura robar kanta har fuskar fim ɗin ta yi kunya-kunya kamar gona. Wannan abin sha'awa ne ga mai bincike, amma ga mai neman tsabtataccen asabarin kaɗawa cikas ne.

Hanya ta biyu, wadda a ganinmu ta fi hikima, raba aikin ta yi. Da ma masana'antun allo sun saba jera ruwan-kiristal ta goge fuskar gilashi da ƙyallen karammiski, ƙwayoyin su bi sawun gugar. Tsakanin 1988 da 1992 Kunihiro Ichimura a Jafan, da Wayne Gibbons a Amurka, da Martin Schadt a Suwizalan, kowa da abokan aikinsa, suka nuna cewa haske ma yana iya yin wannan guga. Sai a shafa wata shimfiɗa siririya ainun a kan gilashi, a rubuta zanen a kanta da ziri biyun nan. In leza mai nanomita 325 aka yi amfani da ita, ana kuma son tazarar maikuromita 6, kusurwar da ke tsakanin zirin biyu kimanin digiri 3 ce. Daga nan a ɗiga ruwan-kiristal mai hannayen ɗauri a kai, irin wanda Dirk Broer ya ƙaddamar a ɗakin binciken kamfanin Philips a Holan wajen ƙarshen shekarun 1980, a wulwula gilashin har ruwan ya baje. Ƙwayoyin ƙasa su bi zanen, na sama su bi na ƙasa. Sai a haska shi da hasken altarabayolet, galibi a cikin iskar naitirojin domin iskar oksijin tana hana ɗaurin kamawa, ƙwayoyin su sarƙe da juna su daskare yadda suke. Akan yi shafen hawa-hawa, don in an zuba da kauri lokaci guda na sama sukan ɓace wa zanen. A 2005 ƙungiyar Gregory Crawford ta Jami'ar Brown ta haɗa rubutun hologiram da wannan jagoranci, a 2006 kuma Michael Escuti a Karolaina ta Arewa da ƙungiyar Gabriella Cipparrone a Kalabiriya ta Italiya suka sami asabaran da rabonsu ya kusanci kashi 100.

6.0 Dalilin da ya sa hasken duka ke juyawa

A nan ne gundarin maganar yake. In aka zaɓi kaurin fim ɗin, d, ta yadda kaɗawa mai jinkiri za ta makara da rabin zango daidai, watau Δn × d = λ/2, an sami abin da ake kira faifan rabin zango. Ga koren haske mai nanomita 550 da Δn na 0.15, kaurin ya kama maikuromita 1.83. Aikin wannan faifai kamar na madubi ne ga kibiyar kaɗawa. In layin ƙwayoyin yana kusurwa α, kibiyar da ta shiga a kusurwa φ za ta fito a 2α − φ.

Yanzu mu kawo murɗaɗɗen haske, wanda kibiyarsa ke zagayawa kamar hannun agogo. A cikin madubi hannun agogo baya yake tafiya, saboda haka hasken da ya shiga yana murɗa dama zai fito yana murɗa hagu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wancan 2α. Hannun agogon ya fito an gusar da shi da kusurwa 2α, gusar da hannun agogo kuwa daidai yake da canja lokaci, watau canja taku. Ke nan jinkirin takun ya fito ne daga inda ƙwayoyin suka fuskanta, ba tare da an ƙara ko rage kaurin fim ɗin ba. Shivaramakrishnan Pancharatnam ya gano asalin wannan a 1956 a Bangalo ta Indiya, yana ɗan shekara 22, a cibiyar binciken C. V. Raman. Aikin ya daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba sai bayan da Michael Berry na Jami'ar Biristol ya fito da irin wannan ƙa'ida a fannin kwantam a 1984, shi ya sa yau ake haɗa sunayensu a kanta.

A asabarinmu α tana ƙaruwa a hankali daga gefe zuwa gefe, don haka jinkirin ma haka yake ƙaruwa. Mu kwatanta da sahun 'yan fareti: in na wannan baki suna gaba, kowane na kusa da shi yana ɗan makara fiye da na gabansa, sahun zai karkace, tafiyar ta juya. Gilashi mai kusurwa uku haka yake yi, amma da kauri. Asabari mai haƙoran zarto ma haka yake kwaikwayo, sai dai a ƙarshen kowane haƙori akwai gaɓa inda kauri ke faɗuwa, a nan kuma haske ke warwatsewa. A namu babu gaɓa. Ƙwaya ba ta da kai da gindi, in ta juya digiri 180 ta koma yadda take. Takun kuwa ya cika digiri 360, wanda shi ma komawa mafari ne. Gangaren ya ci gaba ke nan ba yankewa. Ga hasken da ke murɗa ɗaya hannun kuma, gusarwar nan ta 2α juyewa take yi, sai gangaren ya fuskanci ɗaya gefen.

Sakamakon haka rassa uku kaɗai ke akwai. Rabon reshen sifili shi ne cos²(πΔnd/λ), wanda ke zama sifili a kaurin rabin zango. Sauran hasken duka yana tafiya +1 ko −1: murɗawar dama gefe guda, ta hagu ɗaya gefen, miƙaƙƙiya ko hargitsattsiya kuwa ta rabu biyu daidai, ba tare da an shanye komai ba.

Kauri guda dai ba zai zama rabin zango ga kowane launi ba. In an auna shi ga nanomita 550, lissafi mai sauƙi ya ba mu kimanin kashi 88 a shuɗi mai 450, da kashi 94 a ja mai 650. A 2008 Chulwoo Oh da Escuti suka gyara wannan da ɗora hawa biyu, ƙwayoyin na farko suna murɗawa kimanin digiri 70 daga ƙasa zuwa sama, na biyu su warware murɗin, kuskuren wannan ya cinye na wancan a faɗin launukan da ido ke gani.

7.0 Amfani da cikas

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne juya zirin leza ba da madubi mai motsi ba. A sa wani faifai na ruwan-kiristal wanda lantarki ke kunnawa a gaban asabarin, ya riƙa mai da dama hagu, zirin ya yi ta tsalle tsakanin kusurwa biyu. In an jera irin wannan tagwaye hawa 5 masu tazara dabam-dabam, an sami kusurwa 32, ba injin da ke juyawa, ba abin da ke cinyewa. Kazalika mai auna haske yana iya sanin yawan murɗawar da ke cikin ziri ta gwada ƙarfin rassan biyu kawai, dabarar da Franco Gori ya nuna a 1999, tana kuwa da amfani wajen nazarin sinadarai masu hannun dama da na hagu. Game da hasarar da muka ambata a matacin Land, an raba hasken fitila biyu da asabarin, aka daidaita kowane rabi, aka sake gama su, a 2012 kuwa ƙungiyar Escuti ta ba da rahoton kimanin kashi 90 sun tsira maimakon ƙasa da 50.

Ba dole ba ne zanen ya zama miƙaƙƙen layi. In an rubuta shi da'ira-da'ira sai fim ɗin ya zama gilashin tattara haske, mai tattara murɗawa ɗaya ya watsa ɗayar. Masana taurari na Jami'ar Laidin a Holan sun tsara wani zane da ke share ƙyallin tauraro daga gefe guda domin a hango duniyar da ke kewaya shi, aka kuma ɗora shi a na'urar hangen nesa ta Magellan a ƙasar Cile a 2015.

Amma kada zumuɗi ya kwashe mu. Gyaran 2008 ya daidaita rabo ne kurum, bai taɓa dokar kusurwa ba. A tazarar maikuromita 6 shuɗi yana karkata digiri 4.3, ja kuma 6.2, don haka farin haske zai fito a baje kamar bakan gizo. Duk wanda ya ji an ce asabari ba ya kula da launi, ya tambaya ko rabo ake nufi ko kusurwa. Har ila yau fim ɗin na roba ne, zafi mai yawa da daɗewa cikin hasken altarabayolet suna lalata shi, kuma ɗan kuskure a kauri yakan bar haske ya zurara ta reshen sifili, wanda a aikin taurari kaɗan ɗin ma yana iya rufe abin da ake nema.

Babban cikas shi ne kusurwa. Bayanin da muka yi a sashe na 6.0 ya ginu ne kan cewa tazarar zanen ta fi tsawon zango nesa ba kusa ba. In ana son karkata mai faɗi, dole a matse tazarar ta kusanci zangon, a nan kuwa zirin yakan ƙetara layuka da dama kafin ya fita daga fim ɗin, misalin madubi ya daina aiki, rabon ya ragu. Tun daga 2016 masu bincike a Amurka da Sin da Jafan suka koma ga ruwan-kiristal mai murɗa kansa kamar sukurori, inda zanen ke kwanciya a jirkice cikin kaurin fim ɗin, ya mayar da murɗawa ɗaya baya a kusurwa mai faɗi ya bar ɗayar ta wuce. Irin wannan ne ake gwadawa wajen shigar da hoto cikin gilashin tabarau. Amma da yin haka an sake shiga hurumin Kogelnik, sharaɗin kusurwa da na launi sun dawo, ko da yake girman Δn na ruwan-kiristal ya sassauta su fiye da yadda suke a tsofaffin asabarai masu kauri.